Zanen aro muke ɗaure da shi: wasiƙa daga kasuwar albasa ta Ankara

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga iyayena da yayyena da ƙannena na Galmi da Madawa da Ƙwanni da Tawa, da duk wanda wannan takarda ta riska a ƙasar Nijar. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina gajiya, yaya iyali, yaya aka ji da aikin garka? Mu nan Ankara ta ƙasar Gana muna lafiya, sai godiyar Allah.

Ni ɗan'uwanku ne, shekarata 22 ina sauke albasar gida a wannan birni. Na fara ne a kasuwar Agbogbloshie ina yaron kawuna, ina ɗinke bakin buhu ina ƙirga lodi, har aka tashi kasuwar a watan Yulin 2021 aka maido mu Adjen Kotoku, can bayan gari ta hanyar Nsawam. A Ankara na yi aure, a unguwar Nima aka haifa mini 'ya'yana huɗu.

Ƙanena ne ya sa ni wannan rubutu. Ya kira ni wani dare bayan sallar isha'i, muka gama zancen lodi, sai ya ce: "Yaya, to ga shi mun fita daga CEDEAO, me ya faru? Motoci na tafiya, mutane na shiga suna fita, albasa na isa gare ku. Ashe dama tsoratar da mu ake yi." Na so in ba shi amsa, amma maganar ta fi ƙarfin waya. Na kwana ina juya ta, na ga ba shi kaɗai ke wannan tunani ba, shi ya sa na ce bari in rubuta muku gaba ɗaya.

Kafin komai, kada wani ya ɗauka na manta da abin da aka yi mana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kwana huɗu kacal aka yi CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma da ake kira ECOWAS, ta rufe mana iyakoki, aka datse hada-hadar kuɗi, Najeriya ta yanke wutar da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga gare ta, har aka shiga maganar turo sojoji. A lokacin ina da mota a hanya. Ta yi makonni tana jira a bakin iyaka cikin damina, ruwa na dukan tamfol, rana na fitowa ta gasa abin da ke ƙasa. Ranar da ta iso, tun kafin a kwance igiya wari ya riga ta shiga kasuwa. Muka shimfiɗa buhunan a ƙasa, muka zauna ni da yarana muna tsinta ɗaya bayan ɗaya, hannunka ya nutse cikin albasa kamar ka sa shi a kunu. Abin da muka tsira da shi bai kai sulusi ba. Direban, dattijo ne mai furfura, ya koma gefen taya ya zauna ya rufe fuska da rawani, ya kasa kallona, alhali ba laifinsa ba ne. Albasar nan ta mutum goma sha ce a garinmu, akwai ta gwauruwa, akwai ta yaron da ke tara kuɗin aure. Ni na kira su ɗaya ɗaya na faɗa musu. A watannin nan kuma mahaifiyata ta rasa maganin hawan jininta a kantunan gari sai da aka nemo shi da ƙyar. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma wanda ya sha wannan ba zai manta ba. Saboda haka lokacin da Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa a ranar 28 ga Janairun 2024, na fahimci masu murna, don ni ma zuciyata ba ta huce ba. Hukuncin da aka ce na sojoji ne, a kan talaka ya sauka.

Amma fushi dabam, lissafi dabam. Ni ɗan kasuwa ne, kuma abin da nake so in gaya muku na lissafi ne.

Yawancinmu mun taso mun tarar da hanya a buɗe, shi ya sa muke ganin haka Allah ya halicce ta. Ba haka take ba. An kafa ƙungiyar a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, da ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon na Najeriya da Eyadema na Togo, kuma Nijar na cikin waɗanda suka sa hannu tun ranar farko. A 1979 aka ƙulla yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta ba kowane ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasa ya yi kwana 90 babu biza, daga baya aka ƙara da 'yancin zama da na kafa sana'a. A wannan shekarar ce kuma aka fara tsarin da ya ɗauke harajin duwan a kan amfanin gona da dabbobi da aikin hannu da ake kaiwa tsakanin ƙasashen. Wannan tsari shi ne ya sa albasar Galmi ke shiga Gana ba a biya mata harajin shigowa. Hatta takardar inshorar da direba ke riƙewa ya ratsa ƙasa uku da ita, ta ƙungiyar ce.

In kuna so ku san yadda duniya take kafin waɗannan takardu, ku tambayi tsofaffin zango. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Kawuna, Allah ya jiƙansa, yana yaro a Kumashi a lokacin. Ya sha ba ni labarin yadda mahaifinsa ya sayar da keken ɗinkinsa da gadon ƙarfe a kuɗin da bai kai na tabarma ba, da yadda mutane suka kwana a tasha da jarirai suna jiran motar arewa, wasunsu a zango aka haife su, ba su taɓa ganin garin da aka ce su koma ba. Hausawa da Zabarmawa da Yarabawa da Mosawa, dubu ɗaruruwa, haka suka fita. Har ya rasu, kawu ba ya kwana sai takardunsa na cikin wata jakar fata a ƙarƙashin matashinsa.

Na sani, wani zai ce ai ko da ƙungiyar ma an kori mutane. Gaskiya ne. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Najeriya, cikinsu har da 'yan Gana kimanin miliyan 1, jakar nan ta "Ghana Must Go" daga nan ta samo sunanta. Najeriya ta sake rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ba ta shawarci kowa ba. Nan Gana an yi dokar zuba jari a 2013 da ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwanni ga 'yan ƙasa, ta ce baƙon da ke son harkar ciniki sai ya kawo jarin dala miliyan 1 ya kuma ɗauki 'yan Gana 20 aiki, kuma an sha rufe shagunan 'yan Najeriya a Ankara da Kumashi a kanta. Shingayen hanya kuwa ba sai na ba ku labari ba, kowane direba ya san nawa yake warewa na goro daga Ƙwanni zuwa bakin teku. Takardar ba ta taɓa cika alkawarinta ba. Sai dai tana nan. In an matsa maka kana da abin da za ka ɗaga, shugabannin kasuwa na da abin da za su kai ofishin jakadanci su ce an saɓa kaza, kuma gwamnatin da ta saɓa ta san saɓawa ta yi, shi ya sa rufewar ke ƙarewa. Haƙƙin da ake tauye maka ya fi alfarmar da ake yi maka, domin shi kana iya nemansa.

To yanzu me muke riƙe da shi? Ficewar ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar ƙungiyar ta fitar da sanarwa cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarmu masu tambarinta, a bar mu mu shiga mu zauna babu biza, a kuma ci gaba da karɓar kayanmu bisa tsohon tsari, har zuwa lokacin da za a yanke wata shawara. Su ma shugabannin ƙawancen Sahel, wato haɗin Nijar da Mali da Burkina, sun riga sun faɗa tun a Disamban 2024 cewa 'yan ƙasashen ƙungiyar za su shiga nasu ƙasashen babu biza. Wannan shi ne abin da ƙanena ke gani ya ce babu abin da ya faru. Motoci na tafiya, i, amma bisa kalma ɗaya suke tafiya: "tukuna". Zanen aro ne, kuma kun san ba ya rufe katara. Mai shi na iya cewa a ba shi abinsa ranar da aka yi wani saɓani, ko ranar da aka canza gwamnati a wata ƙasa, ko ranar da manoman wata ƙasa suka matsa wa shugabansu.

Akwai wani abu da na lura mutanen gida ba su cika lura da shi ba, kuma shi ya fi hana ni barci. Nijar ta fita daga CEDEAO amma ba ta fita daga UEMOA ba, wato ƙungiyar ƙasashe 8 masu kuɗin sefa: mu, Mali, Burkina, Benin, Togo, Kodebuwa, Senegal da Gini Bisau. Ita ma tana da nata tsarin zirga-zirgar mutane da kaya. Saboda haka ɗan Nijar da ke Abijan ko Lome ko Kwatano, in igiya ɗaya ta tsinke yana da ta biyu. Gana ba ta cikin UEMOA. Najeriya ba ta ciki. Mu da ke Ankara da Kumashi da Takoradi da Tamale, da ku da ke kai shanu da wake Illela da Jibiya da Maigatari, igiya ɗaya ce ta ɗaure mu da waɗannan ƙasashe biyu, ita ce kuma aka kwance. Ku duba kuma ku gani su wane ne waɗannan biyun: ɗaya muna da iyakar kusan kilomita 1,500 da ita, aure da jana'iza da kasuwar mako duk a haɗe, har ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ɗaya kuma tana cikin manyan masu cin albasarmu.

Bari in kwatanta muku da buhu. Tun Janairun 2015 ƙasashen ƙungiyar ke da harajin bai ɗaya a kan kayan da suka fito daga waje, mataki biyar: babu ko sisi, kashi 5, kashi 10, kashi 20, da kashi 35 cikin 100. Ranar da aka ce Nijar ta zama "waje" a aikace, albasarmu za ta faɗa ɗaya daga cikin waɗannan matakai a bakin iyakar Gana ta Paga ko Aflao. A wannan ranar albasar Aliero da ta Sakkwato za su ci gaba da shigowa babu haraji, ta Bawku kuwa dama 'yar gida ce. Albasarmu ta fi su, wannan ba yabon kai ba ne: jar Galmi na da yaji, tana da nauyi, tana jure ajiya, mai dafa shito, miyar barkonon Gana, ta san bambancinta tun daga hawayen da take sa ta. Amma matar da ke sayar da wake da shinkafa a bakin titi ribarta ƙanƙanuwa ce, in buhu ya ɗara na kusa da shi da yawa za ta juya. Kuma kada ku zaci ni zan ɗauki harajin, ko mai mota. Duk abin da aka ƙara a hanya, baya yake komawa har ya isa bakin garka, a zare shi daga kuɗin manomi, don shi ne kaɗai a cikin jerin da ba shi da wanda zai tura wa.

Tun yanzu ma an fara zarewa, ko da yake ba a sa harajin ba. Kasuwarmu a kan amana da bashi take tafiya: manomi ya ba dillali, dillali ya yi lodi, ni in sauke in raba wa mata su kai Makola da Kasoa da Cape Coast, kuɗi su dawo bayan mako biyu ko uku. Duk wanda ke cikin wannan sarƙa yana lissafin haɗari. Mai mota ya ƙara kuɗi saboda bai san kwana nawa zai yi ba. Ni na rage yawan abin da nake ɗauka bashi. Akwai wata Maame da ta shekara 15 tana sayen albasa a hannuna, uwa ce a gare ni a wannan gari, ita ta fara ba ni amanar kuɗi ina saurayi. Bayan abin da ya faru a 2023 ta zo ta zauna a kan bencina ta ce: "Ɗana, ba zan bar ka ba, amma daga yau rabi zan saya a wurinka, rabi a wurin mutanen Najeriya. Ina da masu jirana ni ma." Ban ga laifinta ba. Wannan rabin bai dawo ba har yau, kuma ba zai fito a lissafin kowace ma'aikata ba. Haka ake rasa kasuwa, a hankali, mai saye ɗaya bayan ɗaya.

Muna da maƙwabci a Nima da ɗansa ke zaune a Ingila, ta bakinsa da ta rediyo na bi labarin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, kuma akwai darasi a ciki. Sun jefa ƙuri'a a ranar 23 ga Yunin 2016, kashi 52 suka ce a fita, kashi 48 suka ce a zauna. Ba su fita ba sai 31 ga Janairun 2020, bayan shekara 47 a ciki, sannan suka ƙara wata 11 ana tafiya bisa tsohon tsari ana ciniki a kan sabo. Abin da suka ƙulla a ƙarshe ya haura shafi 1,200, kuma ya ce babu haraji a kan kayan juna. Duk da haka, da aka shiga Janairun 2021 sai ga masu kifi da masu nama da masu cuku suna kuka, domin kowane lodi ya koma neman takardar asali da takardar lafiya da binciken iyaka, kaya na lalacewa a mota kafin a gama sa hannu. Manyan kamfanoni suka ɗauki ma'aikatan cike takardu suka wuce, ƙananan 'yan kasuwa da yawa suka daina kai kaya Turai ɗungurungum. Ofishin da ke yi wa gwamnatinsu hasashen kasafi ya ƙiyasta cewa a tsawon lokaci cinikinsu da waje zai ragu da kusan kashi 15 cikin 100, ƙarfin samar da arzikinsu kuma da kusan kashi 4, idan aka gwada da a ce sun zauna. Ba a wayi gari aka ga ƙasar ta rushe ba, kantuna na buɗe, jirage na tashi, su ma wasu sun ce ai babu abin da ya faru. A Mayun 2025 kuwa gwamnatinsu ta koma teburi da Turawan tana neman a sassauta binciken kayan abinci.

Wannan ƙasa ce mai arziki, mai teku ta ko'ina, mai kuɗinta na kanta, ta shafe shekaru tana rubuta sharuɗɗan rabuwa, ga abin da ta gani. Mu ba mu da teku, mu ukun duka, kuma mun fita kafin a rubuta komai. Ko a nan kusa akwai misali: Muritaniya ta bar CEDEAO a shekarar 2000, tana da tashar jiragen ruwanta, amma a 2017 ta dawo ta sa hannu a yarjejeniyar hulɗar ciniki da ƙungiyar. Ba ta koma mamba ba, ba ta zubar da girmanta ba, ta dai nema wa 'yan kasuwarta takarda.

Ana cewa ƙasashen ukun kasuwa ce babba, mutum sama da miliyan 70, faɗin ƙasa fiye da rabin na tsohuwar ƙungiyar. Haka ne, kuma ina fatan Allah ya sa haɗin ya yi albarka. Sai dai ku tambayi kanku me za mu sayar wa juna. Muna da gero suna da gero, muna da shanu suna da shanu, Burkina na noma albasa har tana kawo ta nan Ankara tana gasa da tamu. Ciniki na tafiya ne tsakanin mai abu da marar shi. Tun kafin Bature ya ja layi a taswira, kakanninmu fatake ke ɗaure jakuna da kanwa da fata da tufafi da dabbobi, madugu a gaba, su yi watanni a hanya zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, su juyo da goro. Zangunan da muke zaune a cikinsu yau, daga wannan fatauci suka samo asali. Arewa na da abin da kudu ke so, kudu na da abin da arewa ke so, har da bakin teku. Wannan bai canza ba don an canza tambarin fasfo.

Harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 da ƙawancen ya sa a kan kayan shigowa a ƙarshen Maris na 2025 bai dame ni ba, dama irinsa ake karɓar wa CEDEAO. Abin da ya dame ni gadar Gaya ce. An ɗage takunkumi, Benin ta buɗe ɓangarenta na Malanbil, namu ya zauna a rufe saboda dalilan tsaro da hukumomi suka bayar. Ban san sirrin tsaro ba, kuma ba na raina shi, 'ya'yanmu ne ke mutuwa a daji. Amma na san abin da rufewar ke ci. Kwatano ita ce tashar da ta fi kusa da Yamai, kimanin kilomita 1,000, ta nan mafi yawan kayanmu ke shigowa a da. Yanzu sai a sauke a Lome, a ratsa Burkina ta Kaya da Dori zuwa Tera, motoci ɗaruruwa a jere suna jiran rakiyar soja, tafiyar kwanaki ta koma ta makonni, wasu direbobin kuma ba su dawo ba. Ƙananan kaya na tsallaka kogi a kwalekwale, a sauke a ɗora, kowane saukewa da kuɗinsa. Motocin albasa na zagayawa ta Najeriya kafin su faɗa Benin da Togo, iyaka ta ƙaru, shinge ya ƙaru. Ku da ke sayen shinkafa da mai da siminti kun fi ni sanin inda wannan kuɗi ke fitowa. Abin da ke ƙara ba ni mamaki, ɗanyen manmu na Agadem ta bututun kusan kilomita 2,000 yake bi ya fita ta gaɓar Benin ɗin nan. In an samu hanyar da mai zai wuce, a nema wa albasa da shinkafa tasu.

Haka kuma hana fitar da hatsi da aka yi a Oktoban 2024, in ban da zuwa Mali da Burkina, da hana fitar da dabbobi gab da babbar sallar 2025. Na san niyyar, a sauƙaƙa wa mai saye na gida, kuma niyya ce mai kyau. Amma makiyayin da ya shekara yana kiwon rago don kasuwar kudu shi ya biya, mahautan Ashaiman kuwa ba su fasa yanka ba, wani wurin suka nema. Mai saye in ya koyi wata hanya, da wuya ya manta ta.

Sai maganar 'ya'ya, wadda ita ce ta fi taɓa ni. A dokar Gana haihuwa a ƙasar ba ta sa mutum ya zama ɗan ƙasa, sai in uwa ko uba ko ɗaya daga kakanni ɗan Gana ne. Ni da mai ɗakina duk 'yan Nijar ne, saboda haka 'ya'yana 'yan Nijar ne, ko da yake Hausar zango da Tuwi da Ingilishi suke ji, ba su san Faransanci ba, sau biyu kacal suka taɓa ganin Galmi. Babbar ta tambaye ni kwanan baya, da ta ji ana zancen sabon fasfon ƙawancen Sahel a rediyo: "Baba, mu yanzu 'yan ina ne?" Na ce mata 'yan Nijar ne mazauna Gana, kamar jiya. Ta gamsu ta tafi. Ni kuwa na tuna jakar fatar kawu. Irinmu dubbai ne a Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina da Aboabo ta Kumashi: masu albasa, masu shayi, masu canjin kuɗi, masu gadi, masu tallan yadi a kafaɗa, 'yan ci-rani da ke zuwa bayan girbi su koma kafin shuka. Kuɗin da suke aikawa shi ke cike rumbu a shekarar da damina ta gaza. Babu wanda ya tambaye su kafin a fita, kuma in zama ya yi tsami su za a fara nunawa da yatsa.

Don Allah kada a ɗauka ina kuka da mutanen Gana. Sun riƙe mu da mutunci, kuma gwamnatinsu ta nuna tana son zumunci. Shugaba John Mahama ya gayyaci Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina bikin rantsar da shi a Janairun 2025, ya naɗa wakili na musamman kan ƙasashen Sahel, a watan Maris kuma ya taka da ƙafarsa zuwa Bamako da Yamai da Wagadugu. A Mayu ministocin wajen ƙasashen uku sun zauna da shugaban hukumar CEDEAO na lokacin, Omar Touray, a Bamako. Ga kuma ofishin kasuwar bai ɗaya ta Afirka a nan Ankara, wadda a Yamai aka ƙaddamar da ita a Yulin 2019, Nijar na sahun gaba wajen kafa ta, ko da yake har yanzu rarrafe take yi, kuma maganar kaya take, ba ta ba kowa izinin zama ba. Ƙofa a buɗe take. Tsorona shi ne a ga motoci na wucewa a ɗauka babu gaggawa, har sai ranar da aka rufe sannan a fara neman alƙalami.

Ban ce a koma CEDEAO ba, wannan magana ce ta manya da ta 'yan ƙasa gaba ɗaya. Roƙona ga shugabanninmu, Allah ya taimake su, shi ne a mayar da wannan "tukuna" ta zama rubutacciyar yarjejeniya mai sa hannu, da ƙungiyar gaba ɗaya in ya yiwu, in bai yiwu ba da Gana da Najeriya kai tsaye: mutum ya shiga ya zauna ya yi sana'a, amfanin gona da dabbobi su wuce babu haraji, inshorar mota ta ci gaba da aiki, sabon fasfo ya karɓu a kowane shinge. A kuma sa manoma da makiyaya da direbobi da mu na waje a cikin shawarar, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku kuma iyayena na ƙungiyoyin manoman albasa, kuna da baki a Tawa da Yamai fiye da yadda kuke zato, ku yi magana tun farashi bai faɗi ba. Ku gyara rudu, wanda ya samu hali ya gina ma'ajiya mai iska, domin wanda zai iya riƙe albasarsa wata uku ba a yi masa farashin dole ranar da hanya ta toshe. 'Yan'uwana na nan Gana kuwa na sha faɗa muku a masallaci, ina ƙara faɗa: kowa ya sabunta takardunsa da na 'ya'yansa, a yi katin zama na baƙi ko da kuɗinsa na da nauyi, a karɓi takardar haihuwar kowane yaro a adana.

Ƙanena, motar da kuka yi wa lodi ranar Alhamis har yanzu ba ta shigo Togo ba, na yi magana da direban da asuba, ya ce suna nan a layi. Ka gaya wa masu kaya su ƙara haƙuri, da ta iso zan kira kowa da kaina in faɗa masa abin da buhunsa ya yi. Ka gaishe da Inna, ka ce mata maganinta na hannun yaron motar da zai juyo. A gaida liman da mai gari da duk mutanen garka.

Wassalam.

Naku,
ɗan'uwanku a kasuwar albasa ta Adjen Kotoku, Ankara.